Jinin wanda aka ceto a hannun mai ceto: ina haɗarin yake, wa ke ɗaukar nauyi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin haɗarin mota a hanyar Tsernaoua zuwa Tahoua ya san yadda abin ke gudana. Kafin a ji jiniyar ƴan kwana-kwana, waɗanda aka fi kira pompiye, an riga an taru. Ɗan kabu-kabu ya jingine babur, yaron mota ya tuɓe riga ya ɗaure wa wani cinya, wani dattijo ya tallabo kan wanda jini ke zuba ta hancinsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Can sai jandarmomi su iso, sai motar asibiti. Idan an kwashe masu rauni kowa ya nemi buta ya wanke hannu, wanda bai samu ruwa ba ya murza da ƙasa, a watse. Ba a rubuta sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda jinin ya taɓa ba.

Maganar ta sake tasowa tun 2024. A watan Afrilun shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da rahoto cewa ciwon hanta mai yaɗuwa ya kashe mutum miliyan 1 da dubu 300 a 2022. A watan Yuli kuma ta sabunta ƙa'idojinta kan maganin gaggawa da ake sha don tare ƙwayar sida idan ana zargin ta shiga jiki. Ta ce a daina tsare shi a manyan asibitoci, a sauko da shi kusa da jama'a, a bar ma'aikatan da ba likitoci ba su riƙa ba da shi. Sai dai a bakin masu aikin ceto bayanin ya rarrabu. Wani ya ce awa 48 ake da ita, wani ya ce 72. Wani an koya masa tsoma yatsa a ruwan jabel, wani an hana shi. Akwai ma masu cewa kada a taɓa mai jini sam sai ma'aikata sun zo.

Su wa ake nufi, kuma wane irin taɓa jini?

Masu kai ɗaukin farko su ne waɗanda aikinsu ke kai su ga mai rauni kafin ya isa gadon asibiti: pompiye da ake kira ta lamba 18, ma'aikatan SAMU, sashen ɗaukin gaggawa na likitoci, na lamba 15, ƴan sanda, jandarmomi da ƴan gardi, direbobin motar marasa lafiya da masu ɗaukar gado, da ƴan sa-kai na ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj. A takarda jerin ya ƙare a nan. A kan kwalta kuwa ɗan kabu-kabu da fasinja da mai shayin bakin hanya sukan riga su duka isa.

Ba kowane taɓa jini ne haɗari ba. Lafiyayyar fata katanga ce, jini ya zuba a kanta a wanke da sabulu, magana ta ƙare. Haɗarin shigar jinin wani a jiki, wanda ma'aikatan lafiya ke kira AES a takardunsu na Faransanci, yana faruwa ne ta ƙofa uku. Ko dai wani abu mai kaifi da ya taɓa jinin wani ya huda ko ya yanki mutum, kamar allura, reza, fasasshen gilashi ko yagaggen ƙarfen mota. Ko jinin ya fantsama a ido, baki ko cikin hanci. Ko kuma ya sauka a fatar da ke da miki, ƙuraje ko tsagewa. Wannan ta ukun ita aka fi rainawa, alhali a lokacin hunturun Adar da wuya a samu mai aikin ƙarfi da hannunsa ba shi da kaushi ko tsaga a gefen farce.

Ban da jini akwai maniyyi, ruwan gaban mace da ruwan mahaifa. Wannan na ƙarshe ya shafi masu rakiyar mata daga ƙananan asibitocin CSI zuwa babban asibiti, don sau da yawa haihuwa kan zo a cikin mota. Gumi, hawaye, yawu, fitsari da amai ba sa ɗaukar sida muddin babu jini a ciki.

Cututtuka uku, amma ɗaya ake tsoro

Cututtukan da ake magana a kansu uku ne: sida, wato kanjamau, sai ciwon hanta nau'in B, sai nau'in C. Idan aka tambayi mai aikin ceto wanne ke hana shi barci bayan allura ta soke shi, kusan kullum sida zai ambata. Alƙaluma kuwa wani wuri suke nunawa.

Idan allurar da ta taɓa jinin mai ƙwayar sida ta soki mutum, yiwuwar kamuwa kusan 1 ce cikin 300. Idan fantsama ce a ido ko baki, kusan 1 cikin 1,000. Nau'in C ana lissafa shi kusan 2 cikin 100 bisa tsohon ƙiyasi, binciken baya-bayan nan ma ya nuna ƙasa da haka. Nau'in B shi ne mai zafin kamu: daga 6 zuwa 30 cikin 100 ga wanda ba a yi wa riga-kafi ba, gwargwadon yawan ƙwayar a jinin mai ita. Ƙwayar sida ba ta jure zama a waje. Ta nau'in B kuwa tana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jini, a kan gadon ɗaukar majinyaci, a almakashi, a ƙasan mota, kuma ta kama mutum.

Sai a haɗa wannan da yanayin ƙasar. Babban binciken lafiyar jama'a na 2012 ya samu cewa masu ƙwayar sida a Nijar 4 ne cikin 1,000 na baligai, ɗaya daga cikin mafi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Ta fannin nau'in B kuwa Nijar na cikin ƙasashen da ake lissafa cutar ta yi yawa, wato inda masu ɗauke da ita suka kai 8 cikin 100 ko suka wuce. Ma'ana, cikin mutum 1,000 da pompiye zai ciro daga mota a tsawon aikinsa, masu ƙwayar sida ba za su cika yatsun hannu ɗaya ba, masu nau'in B kuwa za su kai 80 ko fiye, kuma cutarsu ta fi saurin kamu nesa ba kusa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ke ɓoye girman matsalar shi ne sunan da muka ba ta. Shawara ake cewa, kuma ana jiran a ga ido ya yi rawaya. Mafi yawan masu ɗauke da nau'in B ba su da wata alama, suna noma, suna tuƙi, suna aure, ba su sani ba. Sai bayan shekaru hanta ta ƙanƙance ko daji ya kama ta. Saboda haka duban fuskar mai rauni ba ya gaya wa mai ceto komai.

Akwai wani lauje cikin naɗi da ba a cika faɗa ba. A ƙasashen da cutar ta yi yawa, akasarin mutane tun suna jarirai ko yara ƙanana suke haɗuwa da ita. Jaririn da ya kamu, sau 9 cikin 10 takan zauna masa har abada. Baligin da ya kamu kuwa, fiye da 9 cikin 10 jikinsa kan kore ta, ko da yake wasu kan sha jinya mai tsanani, ƴan kaɗan ma hantar kan tsaya gaba ɗaya. Don haka cikin sababbin ɗauka na kowace rundunar ceto akwai kashi uku: wanda ya taɓa kamuwa ya warke ya samu garkuwa, wanda yake ɗauke da ita bai sani ba, da wanda bai taɓa haɗuwa da ita ba. Na ukun ne allurar riga-kafi za ta yi wa amfani. Na biyun kulawar likita yake buƙata, allura ba ta ƙara masa komai. Shi ya sa masana da dama ke cewa a fara da gwaji kafin allura.

Riga-kafin nau'in B ya fito tun farkon shekarun 1980. Ga baligi allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, kuma tana ba fiye da 90 cikin 100 na matasa masu lafiya garkuwa. A Nijar an shigar da ita cikin allurar yara ta penta a 2008. Yaran farko da suka samu sai a 2026 suke cika shekara 18. Duk wani pompiye, jandarma ko direban motar asibiti da ya girme su bai same ta a yarinta ta wannan hanya ba, sai idan shi ko ma'aikatarsa sun nema daga baya. Nau'in C ba shi da riga-kafi, amma yanzu akwai ƙwayoyin da ke warkar da fiye da 95 cikin 100 cikin ƴan watanni. Sida ma ba ta da riga-kafi na allura irin wannan, abin da ake da shi maganin gaggawa ne.

Yadda wasu ƙasashe suka bi

A 1984 aka fara tabbatar da cewa wata ma'aikaciyar jinya a Ingila ta kamu da sida ta hanyar sukar allura a wurin aiki. Daga nan tunani ya sauya. A 1987 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shimfiɗa ƙa'idar da har yau ake bi: a ɗauki jinin kowa a matsayin mai cuta, sarki ne ko almajiri, a sa kariya iri ɗaya. A 1991 Amurka ta mayar da abin doka. Ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikacin da ke taɓa jini ya ba shi safar hannu da horo, ya yi masa tayin riga-kafin nau'in B kyauta, ya rubuta tsarin abin da za a yi idan an samu haɗari. A shekarar ce kuma Faransa ta tilasta riga-kafin ga ma'aikatan lafiya, daga baya ta haɗa da pompiye.

Sakamakon ya fito a lissafi. A Amurka ma'aikatan lafiya da ke kamuwa da nau'in B sun ragu daga kimanin 17,000 a 1983 zuwa kimanin 400 a 1995. Na sida kuwa, waɗanda aka tabbatar sun kamu a bakin aiki tsakanin 1985 da 2013 mutum 58 ne. A duniya baki ɗaya OMS ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 sukar abubuwa masu kaifi ta jawo wa ma'aikatan lafiya kamuwa 66,000 na nau'in B, 16,000 na nau'in C, da 1,000 na sida, akasari a ƙasashe masu tasowa. Annobar Ebola ta 2014 a Gini, Laberiya da Saliyo, wadda ta kashe ma'aikatan lafiya fiye da 500, ta ƙara sa batun kayan kariya a gaba a yankinmu, sai dai hankali kan koma wani wuri da zarar annoba ta lafa.

Minti biyar na farko, da agogon da ke bugawa

A ɗauki misalin matashin pompiye a bayan mota, ana gudu da mai rauni. Ma'aikacin jinya ya gama sa ruwa, ya ajiye allurar a gefen gado don babu kwalin zuba allurai kusa. Mota ta faɗa rami, matashin ya dafa don kada ya faɗi, allurar ta huda safar ta shiga tafin hannu. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne ya matse wurin, ya tsotsa, ya tofar, ya ce: “Shef, ba komai, ɗan ƙarami ne.” Shef ya ce: “To, Allah ya tsare,” a ci gaba da aiki.

Matsawa da tsotsa duka an hana, don suna ƙara wa wurin rauni kuma ba sa fitar da ƙwayar. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne a wanke nan take da ruwa da sabulu. Idan ido ne ko baki, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti biyar.

Saɓanin yana kan abin da ke biye. Tsarin Faransa, wanda da yawa cikin ma'aikatanmu suka koya a makaranta, ya ce bayan sabulu a jiƙa wurin na minti biyar a ruwan Dakin na wanke miki, ko jabel da aka sirka sosai, ko Betadine. Ƙa'idar OMS da ta Amurka kuwa ta tsaya a ruwa da sabulu, tana cewa babu hujjar da ta nuna maganin shafawa na rage kamuwa, kuma jabel mai ƙarfi na iya cin fata. Masu bin tsarin Faransa na cewa Dakin ba ya cutarwa kuma yana kashe ƙwayoyi. Ɗaya ɓangaren na tsoron abin da ke faruwa a fili, inda ba mai auna sirki, sai a kwarara jabel na kasuwa tsagwaronsa a kan miki. Duka biyun sun haɗu a abu ɗaya: wanki ba ya maye gurbin zuwa asibiti.

Batun awa 48 da 72 ma daga nan ya samo asali. Faransa ta sa iyakar fara maganin gaggawa na sida a awa 48, tana son a fara cikin awa huɗun farko. OMS ta sa iyaka a awa 72, tana son a fara cikin awa 24. Babu wanda ya ce a jira. Lambobin biyu bakin ƙofa ne da ake rufewa, ba lokacin alƙawari ba, kuma kowace awa da ta wuce tana rage ƙarfin maganin. Ana shan sa kwana 28 ba fashi. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna ko tsohon magani guda ɗaya, zidobudin, ya rage kamuwa da kusan 80 cikin 100. Na yanzu haɗin uku ne a ƙwaya ɗaya, tenofobir, lamibudin da dolutegrabir, irin wanda masu ɗauke da ƙwayar ke sha kullum, kuma ya fi na da sauƙi a jiki.

Wannan na nufin maganin ba baƙo ba ne a ƙasar, yana nan a cibiyoyin da ke kula da masu sida. Tambayar ita ce ko yana kusa a lokacin da ake buƙata. Wanda abin ya samu a Yamai da safiyar Talata yana da manyan asibitoci a gabansa. Wanda ya samu a hanyar Abalak da daren Juma'a, fiye da kilomita 100 daga babban asibitin Tahoua, lissafinsa daban ne: wa ke riƙe da mabuɗin kabad ɗin magani, kuma manjon CSI yana da izinin ba da ƙwayar farko ko sai an nemo likita? Ainihin abin da ƙa'idar OMS ta 2024 ke son warwarewa ke nan. Masu goyon bayanta na cewa ƙwaya ɗaya a daren farko ta fi cikakken bincike a rana ta huɗu. Masu ɗari-ɗari na nuna cewa idan aka baza magani ba horo, za a ba wanda ba ya buƙata, a rasa mai bin diddigi, kuma ya ƙare a inda ake jinyar masu cutar.

Akwai dalili na musamman da ya sa bin diddigin ke da muhimmanci a nan. Biyu daga cikin magungunan ukun suna aiki a kan ƙwayar nau'in B ma. Wanda yake ɗauke da ita bai sani ba, idan ya sha kwana 28 ya daina, hantarsa na iya tashi. Don haka ake son a gwada nau'in B tun farko, ba tare da an jinkirta ƙwayar farko ba. Shi kansa nau'in B, idan wanda aka soka ba shi da riga-kafi, ana fara masa allura nan take, a haɗa da wata allurar garkuwa ta musamman idan an samu, wadda ke da tsada kuma ba ko'ina take ba. Wanda ya riga ya kammala allurarsa uku kuma aka tabbatar ta kama, wannan duk bai shafe shi ba.

Bayan haka sai gwaje-gwaje: na ranar farko, sannan a maimaita bayan makonni da kuma bayan watanni. A tsawon lokacin ba a ba da jini, kuma ana amfani da kwaroron roba a gida. Nan ne da yawa ke sarewa, don bayyana wa uwargida dalili ba ƙaramin aiki ba ne.

A gwada wanda aka ceto ko da bai yarda ba?

Hanya mafi sauri ta kwantar da hankali ita ce a gwada jinin mai raunin. Gwajin gaggawa ba ya wuce rabin awa, kuma idan ya fito babu, galibi ba a buƙatar ci gaba da magani. Amma Nijar na da doka kan sida tun 2007, wadda aka sake a 2015, kuma ginshiƙinta shi ne gwaji da yardar mutum da kuma rufa masa asiri.

Masu aikin ceto na ganin wanda ya sa ransa a haɗari don wani yana da haƙƙin sanin abin da ya shiga jikinsa. Masu kare haƙƙin majinyata na cewa a gari kamar Tahoua, inda kowa ya san kowa, sakamakon da ya fita daga ɗakin gwaji zai iya raba aure kafin mai shi ya farfaɗo. Amurka ta bi tsakiya tun dokar Ryan White ta 1990: asibiti na sanar da wani jami'i da aka keɓe cewa ma'aikacin ceto ya haɗu da cuta kaza, ba tare da an ba da sunan majinyacin ba. A aikace, idan likita ya nemi izini cikin mutunci, ba kasafai ake ƙi ba. Idan kuma mai raunin ya suma, ko an wuce da shi Yamai ko Galmi, ko ya rasu, ba a tsayawa jira. Ana auna girman haɗarin a fara magani.

Ɗaya gefen tsoron na mai ceton ne kansa. Gwajin ranar farko zai nuna halin da yake ciki tun kafin haɗarin, kuma wasu sun gwammace su yi shiru da su ji. Amma ba tare da wannan gwajin ba, babu yadda za a tabbatar daga baya cewa a bakin aiki aka kamu.

Safar hannu da sauran kaya

Safar hannu, ko gan kamar yadda ake cewa, ba ta hana allura huda, amma tana share wani ɓangare na jinin da ke jikinta, kuma tana rufe tsagewar fata. Matsalarta a nan zafi ne. Kwalin da ya yi watanni a cikin motar da ke tsaye a ranar Afrilu, robar kan bushe ta yage da an ja. Safar fata mai kauri ta kashe gobara tana tare gilashi amma tana shan jini, shi ya sa ake sa ta roba a ciki lokacin ciro mutum daga mota. Tabarau da takunkumi kuma su ake fara mantawa, alhali jijiyar da ta tsinke feshi take yi.

Allura ba a mayar mata da murfi, don a nan ne hannu ya fi sokuwa. Kai tsaye ake jefa ta a kwalin tsaro, kuma kwalin ya kasance inda hannu zai kai, ba a ofis ba. Gado da ƙasan mota ana goge jinin tukuna, sannan a zuba ruwan jabel mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin 100, a bar shi kamar minti goma. Sabon haɗi ake yi kowace rana don zafi na kashe ƙarfinsa. Wanda ke wannan wankin galibi shi ne mafi ƙanƙantar ma'aikaci, wani lokaci ma yaron da ba ya cikin jerin albashi, da silifa da hannu tsirara.

Wa ke biya?

A nan ne masu rigar aiki iri-iri ke rabuwa. Pompiye sojoji ne da ke aiki a fannin kare fararen hula, don haka su da jandarmomi suna da sashen lafiya na rundunarsu. Ma'aikacin kamfani ko asibiti mai zaman kansa yana ƙarƙashin dokar aiki ta 2012 da asusun CNSS, wanda ke kula da haɗarin aiki da cututtukan sana'a, muddin an yi masa rajista kuma an kai rahoto a kan lokaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa sida da ciwon hanta a jerin cututtukan sana'a da ta sabunta a 2010. Ɗan sa-kai, mai koyon aiki da direban da ƙaramar hukuma ta ɗauka da baki kuwa suna tsakiyar ruwa. Maganin sida kyauta ake ba da shi, amma gwajin nau'in B da C da allurar baligi sukan fito daga aljihu.

Kan tilasta riga-kafi ma ra'ayi biyu ne. Masu son tsarin Faransa na cewa idan aka bar abin ga zaɓi, allura ta uku ba ta samuwa, don an yi wa mutum canjin wurin aiki ko ya manta. Masu son tsarin Amurka na cewa wajibin ya hau kan ma'aikata, ta kawo ta biya, shi kuma ma'aikaci in ya ƙi ya sa hannu. Suna ƙara da cewa gwajin dole na iya zama hanyar korar wanda aka samu da cutar, alhali da magani da kulawa zai iya ci gaba da aikinsa. Ta fuskar kuɗi kuwa gardamar ba ta da tsawo: allura uku sau ɗaya a rayuwa ba ta kama ƙafar jinyar hanta ta shekaru ba.

Mutumin bakin hanya

Saura masu cewa kada a taɓa. Wanda babbar jijiya ta tsinke masa zai iya rasuwa cikin mintoci kaɗan, tun motar ceto ba ta bar gari ba, kuma danna wurin da ƙarfi shi ne abin da ke tsayar da jinin. Haɗarin da ke kan mai dannawa, idan fatarsa lafiya take, kaɗan ne ƙwarai. Masu koyar da agajin gaggawa na cewa in babu safa a zura hannu cikin leda mai tsabta, a ninka zane ko rawani a danna, ko a sa mai raunin ya danna da hannunsa idan yana cikin hayyacinsa. A kula da gilashi da ƙarfe, a kawar da fuska daga feshin jini, a wanke da sabulu bayan an gama. Leda biyu a ƙarƙashin kujerar babur ba sa cin wuri.

Idan kuma jinin ya shiga ta yanka, ta ido ko ta baki, ɗan kabu-kabu da mai kaki hanya ɗaya suke bi: asibiti mafi kusa a ranar, ba washegari ba. Abu uku ma'aikacin lafiya zai so ji: ƙarfe nawa abin ya faru, ta ina jinin ya shiga, kuma wane asibiti aka kai mai raunin.